Layuka Uku da Suka Kai Gure

Ranar da na sauka Kazablanka ruwa ake yi, wani siririn ruwa marar tsawa, marar ƙamshin ƙasa. Na raɓe a bakin wani kanti da jakata ina jiran ya ɗauke, kamar yadda muke yi a Gure, sai na lura ni kaɗai ke jira. Kowa tafiyarsa yake yi, ko kallon sama ba ya yi.

Karatun kwamfuta na je ƙarasawa, bayan shekara uku a jami'a a Yamai. Amma in za a bi gaskiya, ba a Yamai na koyi abin da ya kai ni can ba. A wani ɗaki na koya a lakwal, wato makarantarmu ta Gure, ɗakin Mushe Abba, malamin lissafi. Mushe haka muke kiran malami a wajenmu. Injina tara ne a ciki, tsofaffi, wata ƙungiya ta kawo su tun ina firamare, ta ɗauki hoto ta tafi abinta. Da suka fara ciwon tsufa aka so a jibge su a ɗakin ajiya, Mushe ya ce a ba shi makulli. Ya share abin da ke cikinsu, ya sa musu tsarin nan na kyauta da mutanen duniya ke haɗuwa su rubuta, sai ga su sun tashi. Yaran da ke zuwa daga Kelle da Bune da Gidigir, waɗanda ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, a kan waɗannan tara suke farawa, uku-uku a benci ɗaya. Babu wasu bayan su a lakwal ɗin. Labarin nan nasu ne, da yadda hannuna ya kai gare su daga nesa.

Shekara biyu na yi a Kazablanka, a wani ɗaki a hawa na huɗu mai taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci. Abin da ya fi damuna ba abinci ba ne, ko da yake na yi mafarkin fura har na gaji. Gaisuwa ce. A gida kafin ka kai bakin kasuwa an tambaye ka lafiyar innarka sau goma. A can sai in yi kwana uku ban buɗe baki ba in ba a aji ba. Da azumi ya zo, wata tsohuwa da ke hawa na uku ta riƙa ajiye mini kwanon miyar wake mai zafi a bakin ƙofa kullum kafin a sha ruwa. Ba ta jin Faransanci, ni kuma Larabcina na salla ne. Har na bar gidan ba mu san sunan juna ba. In na mayar da kwano sai ta dafa ƙirji, ni ma in dafa nawa.

A shekara ta biyu na samu aikin koyo a wani ƙaramin kamfani mai ƙera akwatunan intanet. Mai kamfanin mutum ne mai yawan fara'a, irin waɗanda ke dafa kafaɗarka suna magana. Akwatunansa suna da wata cuta, sai su yi kwana biyu suna aiki su tsaya cak. Ya ce in duba. Na yi wata guda ina tono har na gano ɓarakar tana cikin babban tsarin kansa, a ɓangaren da ke kula da memwa.

Memwa ita ce filin da inji ke shimfiɗa aikinsa muddin yana kunne. An yanka ta ƙanana-ƙanana, muna ce musu shafuka. Aikin wannan ɓangare kamar na matar da ke riƙe da kwanuka ne a gidan suna. Ta ba wannan, in ya gama ta karɓa ta wanke ta ba wancan. Ranar da aka daina mayar mata da kwanuka, ko tukunya cike take ba wanda zai ci.

Shi tsarin nan ba na kowa ba ne. Duk wanda ya ga ɓaraka yana iya rubuta gyara, muna ce masa faci, ya aika wani zauren wasiƙu inda manyan masana ke dubawa. In sun karɓa, facin ya shiga da sunan wanda ya rubuta shi, kuma sunan nan ba ya goguwa. Na rubuta nawa na kai wa mai kamfani ya duba. Ya ce zai aika a madadina tun da shi aka sani. Bayan mako biyu na buɗe zauren na ga facina, ko ɗigo ba a canza ba, da sunansa a sama.

Na same shi a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin an yi mantuwa wajen suna."

Ya yi murmushi ya dafa ni. "Ba mantuwa ba ce. Wa ya san ka a can? Da sunanka ne da ko buɗewa ba za su yi ba. Ka yi haƙuri, lokacinka na zuwa."

Na fita na zauna a bakin teku har la'asar. Ban yi kuka ba, amma na ƙulla wani abu a raina, cewa in Allah ya sa sunana ya shiga wurin nan, ba zan bari ko ƙura ta hau shi ba. A lokacin na ɗauka niyya ce mai kyau.

Allah da ikonsa, wata mata a zauren ta yi tambaya a kan facin, mai kamfani ya kasa amsawa. Dole ya miƙo mini kujera ya ce in rubuta masa. Na rubuta amsa doguwa, na sa sunana a ƙasa, na aika kafin ya karanta. Matar sunanta Madam Odil. Ta rubuto mini ni kaɗai, layi biyu, tana tambaya ko ni ne ainihin mai aikin. Na ce ni ne. Bayan wata huɗu ina cikin jirgi zuwa Giranobul a ƙasar Faransa, da takardar aikin shekara biyu a kamfanin da take shugabantar masu kula da memwa.

Giranobul gari ne da duwatsu suka yi wa zobe. Mutumin da ya tashi a Gure, inda in ka hau tudun rairayi kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda, ba ƙaramin ƙunci yake ji ba in aka rage masa sama. Makon farko na riƙa jin kamar an kife ni da ƙwarya. Ɗakin da na kama ta intanet tun ina Kazablanka, da na isa sai na tarar babu lambar gidan a titin gaba ɗaya, wanda ya karɓi kuɗina kuma wayarsa a kashe. Wani dattijo ɗan Mali mai sharar masallaci ya gan ni zaune da jaka bayan azahar, bai tambaye ni komai ba sai daga ina. Na ce Nijar. Ya ce, "To, maƙwabci ne." Na yi kwana tara a kan katifarsa, shi yana kwana a kan darduma, duk yadda na yi da shi ya ƙi mu yi musaya.

Madam Odil ta kusa shekara sittin, gajeriya, gashinta fari a yanke, ba ta son dogon zance. Ranar farko ta zaunar da ni ta nuna mini abin da ya zama sana'ata.

Tsarin nan guda ɗaya ne, amma yana tafiya a kan injina iri-iri, daga manyan da ke cika ɗaki har zuwa ƙananan da ba su kai tafin hannu ba. Ba duka ke iya ɗaukar kaya ɗaya ba. Don haka an cika rubutun da zaɓuɓɓuka, ana kunna wasu ana kashe wasu. A cikin rubutun za ka ga shinge. A sama an ce, idan an kunna abu kaza, ɗauki waɗannan layuka. A ƙasa an ce, idan babu, ɗauki waɗancan. Lokacin da ake harhaɗa tsarin don wani inji, ɓangaren da ba nasa ba sai a tsallake shi kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Rubutu ɗaya kake gani a gabanka, amma tsari ɗari ne ke kwance a ciki, kuma kai ɗaya kawai kake gwadawa a teburinka.

"Kafin ka aika komai," in ji ta, "ka harhaɗa sau biyu. Komai a kunne, sannan komai a kashe. Mutane suna rubuta ɓangaren sama da hankalinsu duka, na ƙasa kuma su rubuta shi suna tsaye da jaka a kafaɗa."

Na ce na ji. Har na rubuta a takarda na liƙa a jikin allona.

Aikin da aka ba ni a kan wani zaɓi ne da ake kira manyan shafuka. Injin da ke da memwa mai yawa, maimakon a riƙa ba shi ƙananan shafuka ɗaya-ɗaya, sai a haɗa masa da yawa a dunƙule, aiki ya yi sauri. Tsofaffin ƙananan injina ba su iya wannan, a wurinsu zaɓin a kashe yake. Na yi wata uku a kan wata hanya ta mayar da manyan shafukan nan da wuri in an gama da su. Sanyi ya shigo, na farko a rayuwata mai suna sanyi. Yatsuna suka tsage. Inna ta aiko mini da cuku da dabinon Gidigir ta hannun wani ɗalibi, na riƙa gutsurar cukun kaɗan-kaɗan kamar magani don kada ya ƙare.

Ɓangaren sama ya kai layi ɗari biyu, kowane na san shi kamar yatsana. Ɓangaren ƙasa, na idan babu, layi uku ne kacal. Aikinsu ɗaya, su ce wa mai tambaya, ba mu yi komai ba, ka mayar da shafin da kanka ta tsohuwar hanya. Ranar Juma'a na rubuta su ina duba agogo don kada in rasa salla. Na harhaɗa a kunne, ya haɗu. Na harhaɗa a kashe, ya haɗu. Na gwada a kan babban injin ofis ya yi gudu kamar ya tashi sama. A kashe ban kunna shi a kan komai ba, don ba mu da ƙaramin inji a ofis, kuma layi uku ne, me zai faru a layi uku?

Madam Odil ta duba ta sa hannu. Aka karɓa. Ranar da na ga sunana, Laminu, a jikin tsarin da na fara taɓawa a ɗakin Mushe, na ɗauki hoto na aika masa. Ya kira ni yana dariya, ya ce ya nuna wa 'yan aji, ya ce musu wannan a bencin can na kusa da taga yake zama, kuma ba ya jin magana.

Shekara ta wuce da 'yan watanni. Na iya hawan dusar ƙanƙara ba tare da faɗuwa ba, na samu mai sayar da kuɓewa. Kamfani ya yaba da facina, har aka ambace shi a taro. Takardar aikina za ta ƙare a watan tara, kuma izinin zamana a ƙasar a jikinta yake rataye. Kowa yana cewa za a sabunta, amma babu wanda ya rubuta.

A cikin watan biyar, tsakiyar bazarar gida, na kira Mushe don gaisuwa. Muka yi ta lafiyar iyali, da zafi, da rijiyar unguwa da ta ja baya. Na tambayi injina.

"Lahiyarsu ƙalau ba ƙalau ba," ya ce. "Wata biyu ke nan suna mini wani abu. Ka kunna, su tashi sumul. Yara su hwara aiki. Kamin rabin awa sai su yi nauyi, su yi nauyi, su sandare. Sai an kashe an sake kunnawa. Duka taran hwa."

"Duka a lokaci ɗaya suka fara, Mushe?"

"Tun da na sa musu sabon tsari. Wani abokina ya kawo mini daga Damagaram a ɗan makullin nan da ake sokawa a jikin inji, don tsohon ya daina buɗe shahukan intanet. Na ce ko zahi ne, ko kuran ne, wutar lantarkin nan tamu, da ke wasa. Amma ina jin hannuna ne, Laminu. Na tsuhwa, wataƙila na taɓa abin da ba a taɓawa. Diraktan ya hwara magana, ya ce ɗaki na zaune a banza alhali ana ƙarancin aji."

Na ce masa zan yi tunani a kai. Muka yi sallama. Na riga na gane, don inji ya tashi lafiya ya riƙa nauyi a hankali har ya sandare, wannan alamar na san ta tun Kazablanka. Wani ne ba ya mayar da shafuka.

Washegari na ƙirƙiri ƙaramin inji na ƙarya a cikin babban injina, mai ƙanƙanuwar memwa irin ta su Mushe, na kashe manyan shafuka, na kunna. Na zauna ina kallon adadin shafukan da suka rage yana sauka, ba ya hawa. Kafin azahar na bi sawu har gida. Layukana uku ne. Inda ya kamata su ce ba mu yi komai ba, na sa sun ce an gama. Mai tambaya sai ya ɗauka an mayar da shafin, ya wuce, shafin ya zauna ba a hannun kowa ba. Akwai injina a duniya da ke gwada tsarin kullum, suna harhaɗa wannan ɓangare, suna ganin ya haɗu, amma babu mai kunna shi ya zauna rabin awa a gabansa.

Akwai wani abokin aikina, Toma, teburinsa na kusa da nawa. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini cika takardun haraji. Ya ga fuskata ya matso, na nuna masa. Ya karanta, ya yi fito a hankali.

"Tun yaushe?"

"Shekara da rabi."

"Akwai wanda ya kawo ƙara a zaure?"

"Babu."

Ya jingina da kujera. "To ai ka samu mafita. Ka san al'adar. Abin da ya yi shekara da rabi a lalace ba wanda ya yi kuka, ba mai amfani da shi. Da ma mun gaji da ɗaukar wannan shinge, wuri arba'in yake a rubutunmu. Zan rubuta faci a cire zaɓin gaba ɗaya, manyan shafuka su zama dole. Layukanka su tafi tare da sauran, ba wanda zai tsaya karanta abin da ake sharewa. Tsofaffin injina su tsaya inda suke."

Ba mugunta yake yi ba. Haka ake yi, kuma sau da yawa daidai ne, don kowane shinge kaya ne a wuyan masu zuwa. Shiru a wurinsu hujja ce. Ni kuwa na san irin shirun. Na san mutumin da bai san akwai zauren da ake kai ƙara ba, wanda ko ya sani ba ya rubuta Ingilishi, wanda in injinsa ya tsaya kansa yake fara tuhuma. Duk wannan yana bakina. Abin da na ce wa Toma shi ne, "Bari in yi tunani."

Nan ne wurin da ba na son faɗa, amma saboda shi nake rubutun nan. Gyaran harafi kaɗan ne, minti biyar ya isa. Sai dai a al'adar zauren, duk facin gyara dole ya nuna facin da ya kawo ɓarnar, da sunan mai shi, a gaban kowa. Facin nan kuwa shi ne abin da nake taƙama da shi, shi nake jira ya sa a sabunta mini takarda. Na ce wa kaina in bari a sa hannu tukuna, wata huɗu ne kawai, kuma ai hutun damina ya kusa, yara ba sa nan. Ina iya kiran Mushe in ce ya nemi tsohon tsari ya mayar, ko in harhaɗa masa gyararre in aika ta hannun wani. Ban yi ba. Na san in na buɗe zancen zai tambaye ni yadda aka yi na gane, kuma ban taɓa iya yi wa mutumin nan ƙarya ba. Sai na zaɓi kada in yi magana da shi sam. Ya kira sau biyu a watan shida, na bar wayar tana ƙara a kan tebur. Na aika masa saƙo cewa aiki ya yi yawa.

Damina ta sauka a gida. Inna tana ba ni labarin hatsi ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ni kuma abinci ya daina yi mini daɗi. Ina salla ina tunanin layi uku.

A ƙarshen watan takwas Toma ya gama facinsa na cire zaɓin, ya kai wa Madam Odil. Ta kira ni ofishinta da safe, takardar tana gabanta, gilashinta a kan hanci.

"Toma ya ce babu sauran masu irin waɗannan injina. Ni a nan na tsufa, ban san komai ba bayan duwatsun nan. Kai ka zo daga nesa. Ka san wani?"

Na kalli taga. Na ji bakina yana shirin cewa ban sani ba, har harshena ya ɗaga. Abin da ya tsayar da ni ban san shi ba har yau, wataƙila yadda ta yi tambayar ne, tana jiran amsa da gaske.

"Na san tara," na ce. "Kuma ni na lalata su."

Na faɗa mata komai, har da watanni uku da na yi ina sane. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire gilashin ta murza idonta.

"Sunana yana ƙarƙashin naka a facin nan. Ni na duba, ni ma ban gani ba. Kuskuren namu ne mu biyu, kuma irinsa na yi ya fi a ƙirga." Ta mayar da gilashin. "Watanni ukun kuwa naka ne kai kaɗai. Je ka rubuta wa zaure yau, da sunanka. Ka kuma sani, wanda ya ce a bar zaɓi, shi ke ɗaukarsa. Duk fitowar sabon tsari kai za ka tabbatar yana tafiya, a kan inji na gaske."

Na rubuta. Na faɗi kuskuren, na haɗa gyaran, na ce akwai masu amfani da wannan ɓangare a garinmu kuma na ɗauki nauyinsa. Na aika ina jiran sama ta faɗo. Amsa uku ta zo. Ɗaya ya ce madalla da aka gano. Ɗaya ya gyara mini tsarin jimla a bayanin. Na uku ya ce an karɓa. Toma ya janye nasa, ya kawo mini kofi. Bayan mako biyu aka sabunta takardata, babu wanda ya ko ambaci zancen. Abin da na yi wata uku ina ɓoyewa, duniya ba ta ba shi minti goma ba.

Ranar Asabar da hantsi na kira Mushe. An kusa komawa lakwal. Ya ɗauka, na ji kukan awaki a bayansa da muryar mai tallan ƙosai. Ya gaishe ni kamar kullum, bai ce komai a kan kiran da ban ɗauka ba. Na ce ina da gyaran injina, zan aiko ta hannun wani mai zuwa Damagaram.

"Ayya," ya ce. "Ai an gama wannan. Da aka tashi hutu diraktan ya kira ni. Na ce masa gaskiya, na yi iyakar yina, ni na ɓata su kuma ban iya gyarawa. Na ba da makulli. An sa tebura, ajin 'yan shekarar hwarko za a yi a ciki. Bakwai masu sayen tsohon ƙarhe sun kwashe. Biyu na roƙa na kawo gida, don dai in riƙa ganinsu."

Na zauna a bakin gado. Na ce, "Mushe, ba kai ba ne. Ni ne. Aikin nan da na aiko maka hotonsa, a cikinsa kuskuren yake. Duk wanda ya sa sabon tsari a irin injinanku haka zai gani."

Na ji ya sauke numfashi mai tsawo.

"Wato ba hannuna ba ne?"

"Ba hannunka ba ne."

"Alhamdu lillahi. Wallahi Laminu, wata shida ina kwana ina tashi da abin nan. Ina cewa na cuci yaran mutane da karambanina." Har ya ɗan yi dariya. "Kuskure kuwa ai na mai aiki ne, kada ka sa a ranka. Allah ya sa ka gano. Yaushe ka gano?"

Ina iya cewa makon jiya. Ba wanda zai taɓa ƙaryata ni.

"Washegarin ranar da ka faɗa mini. Tun watan biyar."

Awakin suna ta kuka. Wani ya yi sallama a ƙofar gidansa, bai amsa ba.

"A watan bakwai aka kwashe su," ya ce a hankali. "To. Aiko da gyaran. 'Yan ajin ƙarshe sa riƙa zuwa gida, huɗu-huɗu."

Ya kashe wayar.

Shekara biyu ke nan. Zaɓin yana nan a cikin tsarin, shingen arba'in ni nake bi ɗaya-ɗaya duk lokacin da wani ya taɓa su, kuma ɓangaren ƙasa nake fara karantawa. Injinan gaske da nake gwaji a kai su ne biyun nan da ke gidan Mushe a Gure. Duk fitowar sabon tsari ina harhaɗawa in aika masa, da doguwar gaisuwa, ina tambayar iyali da gona da ciwon gwiwarsa. Yakan kunna su ya bar su yini guda, bai taɓa fashi ba. Sannan saƙonsa ya shigo, ba sallama a sama, ba gaisuwa a ƙasa.

"Suna tahiya."